Da Faransa Ba Ta Ɗaga Hannu Ba

Talata, 2 ga Oktoba 1984, Tasawa, da la'asar

An buɗe makaranta jiya. Rabin bencina babu kowa. Na tambayi inda sauran suke, wata yarinya ta ce, "Madam, sun bi iyayensu." Ban tambayi ina ba. Iyakar Najeriya a rufe take tun watan Afrilu, saboda haka a hukumance babu inda kowa ya tafi.

Direkte, shugaban makaranta, ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar Gwaggo Uwani, sannan ya turo mini takardar da ɗan yatsa, kamar mai miƙa wa baƙo goron da ya san ya ruɓe. Takardar ta ce na yi kuskure, na faɗi abin da ba haka yake ba a gaban ɗalibai, ina neman afuwa. In na sa hannu, in koma Yamai, ajina da gidana. Ya ce ba gaggawa, amma waɗanda suka turo ni nan suna son amsa kafin tsakiyar Nuwamba.

Ba zan rubuta abin da na faɗa a wancan ajin ba. Darasin 1940 ne. Ɗan wani babba ya kai maganar gida.

Ƙanwata Safi ta iso ƙauye daga Faransa.

Asabar, 6 ga Oktoba, Hawandawaki, bayan magariba

Tun daga Tasawa har nan ban ga zangarniya ɗaya da za a kira zangarniya ba. Kara ne tsaye, gajere, kamar an shuka shi don a yi wa mutane dariya. Motar ta kafe a rairayi, muka sauka muka tura, har da ni da takalmina na Yamai.

Baba yana ƙarƙashin itacen bedi a kan tabarmarsa. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya dubi katanga ya ce, "Mutanen Tasawa sun iso? A ba su ruwa."

Ni ce mutanen Tasawa. Ni ce ɗiyar fari, kuma Baba mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari yadda aka koya masa: ba ya kiran sunana, ba ya dubana, ba ya hira da ni. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwarsa Uwani, ita ta sa ni lakwal, makarantar boko. Na yi karatu a kan irin waɗannan al'adu a Dakar, har na samu maki mai kyau. Makin bai taɓa matso da ni kusa da tabarmar nan ba.

Safi auta ce. Ita kam a kan tabarmar take zaune, ta cire masa hula ta ɗora a kanta, tana ce masa "Kaporal," muƙaminsa na soja. Ta zo da manyeto, akwatin ɗaukar magana, ta girke shi tsakaninsu.

Abin da take rubutawa don digirinta: ko Faransa na iya ci gaba da yaƙi daga Afirka a 1940, maimakon ta ɗaga wa Jamus hannu. Baba yana can lokacin, an kama shi, ya yi shekara huɗu a bayan waya. Shi ne shaidarta.

Wannan tambaya tawa ce. Na kai ta gaban malamina a Dakar, ya cire tabarau ya ce, "Mademoiselle, tarihi ba ya aiki da *da*." Na ba Safi labarin ina yi mata kitso, tana 'yar lise, wato sakandare. Yanzu malaminta na Bordeaux ya ce sabon tunani ne. Ta ce mini, "Ai Yaya ke kika fara ba ni shawara," kamar mai godiyar aron ludayi.

Na zauna bayan zana tare da A'i, matar ƙanena Alhassan, muna tsince anza, 'ya'yan itacen dajin da ake ci a shekarar yunwa. Alhassan shi ma a hukumance babu inda ya tafi.

Lahadi, 7 ga Oktoba, da hantsi

Ashe Baba yana da murya. Ban san yana kwaikwayon mutane ba.

Ta bayan zana na ji yadda aka ɗauke shi. Mai gari aka ce ya kawo samari, sai ya zagaya ya tsinci waɗanda ubanninsu ba su da baki a fada. Suka taka har Damagaram. Ya kwaikwayi likitan Nasara yana buɗe musu baki kamar mai sayen jaki. Ya ce a jirgin ruwa abokinsa Gajere, mutumin Cake, ya yi amai har ya roƙi Allah ya kifar da jirgin kowa ya huta.

Safi ta ce, "Kai fa, Kaporal, ba ka yi ba?"

"Ni? Soja ba ya amai, Auta. Ruwa na riƙa mayar wa teku, don na ga ya yi ƙasa."

Ta kwashe da dariya ta buge shi a gwiwa. Ta buge shi a gwiwa.

A'i ta ce, "Yaya Zara'u, masu kyau kike zubarwa."

Laraba, 10 ga Oktoba, Tasawa, da azahar

An raba jar dawar taimako a bakin ofishin sufurfe, mai mulkin gunduma, sojoji na tsaye da bulala. Gwaggo ta jiƙa, ta daka, ta ɗanɗana, ta ce a ƙasar da ta fito doki ake ba wa, kuma dokin ma wanda aka yi fushi da shi.

Na ce mata Baba yana ba Safi labarin yaƙi. Ta ce, "To?" Na ce ba komai. Ta ce, "Ke da ba komai ɗinki. Tun kina goye haka kike, a ba wani yaro ƙuli ki ce kin ƙoshi."

Asabar, 13 ga Oktoba, Hawandawaki, da la'asar

Mun yi gardama, ni da Safi, a tsakar gida, da taswira a kan rairayi. Ni na zana ta. Italiyar cikinta kamar ƙafar akuya take.

Na ce: a watan Yuni na 1940 an ci Faransa a ƙasa, ba a ci ta a ruwa ba. Jiragen ruwanta suna nan lafiya. Jiragen sama da yawa sun riga sun ƙetara Aljeriya. Zinariyar bankinta an riga an fitar da ita, wata ma a nan Afirka ta Yamma aka ɓoye ta. Ingila na tsaye. Gwamnati ta shiga jirgi ta koma Alje, babban birnin Aljeriya, ta ce ba mu gama ba. Mi ya hana?

Safi ta ce: da mi za su harba? Babu masana'antar makamai a can. Mai fa? Jirgi ba ya shan zinariya. Italiya na Libiya, Jamus na iya roƙon hanya ta Sifen ta faɗa Maroko. Kuma wa zai bar miliyoyin mutane a hannun abokin gaba ya tafi ya yi jarumtaka a inuwar dabino?

Na ce Cadi ta ƙi, nan kusa da mu, wata biyu kacal bayan haka, kuma sama ba ta faɗo ba. Mu nan aka bi waɗanda suka sa hannu, aka rufe iyaka, aka tilasta wa mutane zuba hatsi a rumbun gwamnati.

Ta ce, "Cadi ba Faransa ba ce, Yaya. Mai ɗan kaya ya fi saurin tashi."

Wannan maganar ba tata ba ce, ta malaminta ce, na ji ƙamshin Bordeaux a jikinta. Amma ta iya faɗinta. Ta ƙara kyau kuma. Wuyanta ya cika, a shekarar da wuyan kowa ya shige.

Baba yana jinmu daga ƙarƙashin bedi. Ya ce, "Auta, zo." Ta je. Ya ce, "Ai da sun ƙetare da sun ci. Rubuta." Ta danna akwati tana hararata.

Na share taswirar da ƙafa. Gaskiyata aka ba ni, amma ita aka kira aka ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba, da safe

Yau ya ce mata da sun ƙetare da an hallaka su duka. Ta ce, "Kaporal, jiya ba haka ka ce ba." Ya ce jiya bai sha koko ba.

Takalmansa ba sa shiga. A'i ta yanka bayansu da wuƙa.

Alhamis, 18 ga Oktoba, Tasawa, da hantsi

Ba makaranta yau. Gado ya biyo ta gidanmu, abokin Baba tun suna samari, Buzu ne na wajen Urafan, shanun Baba a hannunsa suke tun kafin a haife ni. Ya zauna a zaure ya gyara rawaninsa ya fi a ƙirga kafin ya ce saura karsana ɗaya. Ita zai kai masa.

Gwaggo ta ba shi fura mai ruwa-ruwa. Ya ce da ya sani da ya kora su kudu tun kafin a rufe iyaka. Ya ce da ya sayar tun bazara, lokacin da saniya take saniya. Sannan ya ce amma da ya kora su kudu aka yi ruwa a arewa fa, da mi mutane za su ce?

Gwaggo ta ce, "Da za su ce Buzu ya yi hankali, su yi mamaki."

Ya ce, "Uwani, bakinki bai ji fari ba."

Ƙasar nan gaba ɗaya da *da* take magana bana. Da mun shuka da ruwan farko. Da ba mu shuka ba mun ci irin. A kasuwa, a bakin rijiya, a layin jar dawa. Ina ma malamina na Dakar ya zo ya cire musu tabarau.

Safi ta aiko direban mota da saƙo: in zo mata da pil shida, batiran akwatinta, ran Asabar, nata sun kusa ƙarewa.

Juma'a, 19 ga Oktoba, da la'asar

Na wuce ta gaban kantin Liman. Akwai pil a kan kanta, jajaye, an jera su. Na sayi sabulu.

Asabar, 20 ga Oktoba, Hawandawaki, bayan magariba

Na ce mata babu pil a Tasawa, iyaka a rufe. Ta dube ni ta ce, "Ayya." Ba ta yarda ba, kuma ta fi ƙarfin ta nuna.

Baba ya ce a ciro na rediyonsa a ba Auta. Rediyon da yake kwana da shi a kunne. Wanda Alhassan ya taɓa shan mari a kansa.

Abin da na saya da sabuluna ke nan.

Da pil ɗin nan ta ɗauki labarin sanyi. Yadda yatsunsu suka ƙi lanƙwasa a kan bindiga, yadda wata tsohuwa a wani ƙauye ta ba Gajere safar mijinta, ya sa ta a hannu don bai san ta ƙafa ce ba. Safi ta tambaye shi ranar da aka kama su. Ya ce, "Wannan rana ba ta da labari," ya koma kan tsohuwar.

Gado ya kawo karsanar. An ɗaure ta a bayan ɗaki. Ƙasusuwanta ana iya rataya kaya a kai.

Lahadi, 21 ga Oktoba, da azahar

Ya yi dariya sau huɗu yau. Ba ƙirgawa nake ba.

Laraba, 24 ga Oktoba, Tasawa, da la'asar

Direkte ya tare ni a bakin aji. Ya taɓa aljihun rigarsa inda biro yake. Mutumin kirki ne. Yana da 'ya'ya bakwai, kuma shi ma ba nan ya roƙa a kawo shi ba.

Na koyar da kogunan Afirka ga yaran da ba su ga ruwa ya gudu ba bana.

Asabar, 27 ga Oktoba, Tasawa

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo. Su sha hirarsu.

Litinin, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Safi ta zo Tasawa da kanta, ta sayi pil a kantin Liman. Ta ajiye su a kan teburina don in gani, sannan ta zauna a gadona ta cire takalmi.

Ta ce aikin ba ya tafiya. Ta ce tun Litinin waccan bai ba ta komai ba. Ta danna akwati, sai ya yi ta zancen karsana, da farashin dusa, da wanda ya mutu a wace unguwa. Asabar da Lahadi ma haka. "Kaset biyu na ɓata a kan dusa, Yaya. Tsohon nan sai ya ga dama."

Na ce wataƙila ya gaji. Mutum ne mai ciwo, ba rijiya ba.

Ta ce, "Kin lura da ƙafafunsa?" Na ce na lura da takalmansa.

Sai ta juya kan takardar direkte. Gwaggo ce ta faɗa mata, Gwaggo ba ta iya riƙe ruwa a baki ba. Ta ce in sa hannu. Ta ce layi huɗu ne, ba wanda zai karanta, in koma Yamai in ci gaba da koyar da manyan ɗalibai, nan ina ɓata kaina a kan koguna. Ta ce kowa ya san yadda ake zama da masu kaki, a sunkuya iska ta wuce.

Na ce abin da na faɗa haka yake.

Ta ce, "Wa ya ce ba haka yake ba? Ke dai kina son ki zama Faransar da ba a yi ba."

Na ce, "Ke kuma wadda aka yi."

Ta yi dariya, dariyar da take yi wa Baba. Ta ce, "Shi ya sa nake da bus, kuɗin karatu kyauta, ke kike da gaskiya." Sannan ta ce ta faɗa wa Baba komai.

Ta faɗa masa. Ni shekara talatin da huɗu ban faɗa masa ina jin ƙishirwa ba, ita ta ɗauki maganata ta kai masa kamar ragowar tuwo. Na tambaye ta mi ya ce. Ta ce ya dai tambaya ko an ba karsana ruwa.

Ta kwana a gadona. Tana barci da baki buɗe, kamar tana ƙarama. Na rufa mata zane. Ban yafe ba.

Alhamis, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Na ɗauko biro na zauna gaban takardar. Na gyara musu kuskuren rubutu guda biyu. Na mayar da ita cikin littafi.

Asabar, 3 ga Nuwamba, Hawandawaki, da la'asar

Na je. "Mutanen Tasawa sun warke?" in ji shi, ga katanga. A'i ta ce sun warke.

Ina zama bayan zana ya buɗe baki, har rana ta karkata. Sansanin fursuna, waya, dankalin da suke haƙa wa Jamusawa, yadda aka kwashe fararen aka kai Jamus aka bar baƙaƙe a Faransa, daga baya ma Faransawa aka sa su tsare su. Safi tana ta juya kaset. Ta leƙo ta kan zana ta ɗaga mini gira, wai kin ga, ya dawo.

Ya dawo mata.

Ta sake tambayar Gajere. Ya ce Gajere yana son gyaɗa.

Muryarsa tana yankewa yanzu a tsakiyar magana. Sai ya tsaya, ya nemi numfashi, ya ci gaba daga inda bai tsaya ba.

Lahadi, 4 ga Nuwamba, da safe

Na ce wa A'i a kai shi asibiti Maraɗi. A'i ta faɗa wa Safi, Safi ta faɗa masa, ya ce wa Safi ta faɗa wa A'i ta faɗa wa mutanen Tasawa ya gode. Muna zaune duka a tsakar gida ɗaya.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, Hawandawaki, da azahar

Safi ta tafi. Na zo rakiya.

Ta durƙusa gabansa, ya ɗora mata hannu a ka, ya daɗe yana addu'a. Ya kira sunanta, cikakke, Safiyatu. Ta yi kuka. Ya ce, "In kin je ki gaishe da tsohuwar mai safa." Ta yi dariya cikin kukan. Kowa a gidan ya san ba za ta sake ganinsa ba, kowa ya yi mata sai kin dawo.

A bakin mota ta rungume ni ta ce ta bar manyeton a ɗakin A'i. Ranar da aka kama su ce kawai ta rage mata, ita ce zuciyar aikin. "Ki ƙarasa mini, Yaya. Ki sa A'i ta tambaye shi, ke ki danna. Ki aiko da kaset. Zan sa sunanki a godiya."

A godiya. Tsakanin malaminta da mai buga mata takardu.

Na ce Allah ya kiyaye hanya, kuma da gaske nake. Abin haushin ke nan.

Juma'a, 9 ga Nuwamba, Tasawa

Direkte: ran Alhamis mai zuwa, Madam, don Allah.

Lahadi, 11 ga Nuwamba, Hawandawaki, bayan azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru, kafin in fara gyara shi.

Da hantsi ya sa aka ɗauko masa tsohuwar rigar sojansa, kamar kowace shekara a wannan rana ta tunawa da tsofaffin sojoji. Ba ta rufe cikinsa ba. Ya zauna ƙarƙashin bedi, rediyonsa na gefe yana ɗan magana ƙasa-ƙasa. Ina bayan zana.

Ya ce, "A'i, a kawo akwatin Auta."

Ta kawo ta ajiye. Murfin bayansa a buɗe yake, ramin pil wayam. Na dubi rediyon, na gane inda suka koma.

Ya ce, "A ce wa mutanen Tasawa su zo su danna. Su suka san boko."

Na fito. Sai da na durƙusa a bakin tabarmar kafin hannuna ya kai. Ban taɓa zuwa nan ba. Tabarmar ta ɓule a gefe ɗaya, an ɗinke da zaren buhu. Yana warin man zafi da taba. Na danna, ba abin da ya juya.

Na ce, "A'i, ki ce wa Baba babu pil."

Ya kashe rediyo ya ce wa bedi, "Ba a tambayi akwati abin da ya ci ba." Sannan ya ce A'i ta je ta duba karsana. Ta tafi.

Na yi niyyar tashi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, ya ce, "Kai akwati, zauna ka ji." Na zauna.

Ya ce a bakin wani daji ne, kusa da wani rafi. Kwana biyu ba umarni, ba abinci, harsashi ya ƙare. Da safe Jamusawa suka kewaye su, suka ce kowa ya fito hannu sama. Suka ware farare gefe guda, baƙaƙe gefe guda. Shi ya ɗaga. Gajere yana kusa da shi, hannunsa a ƙasa. Ya ce masa, ɗaga mana. Gajere ya ce shi mai gari ya ɗaga wa hannu aka kawo shi nan, ya gama ɗagawa.

Nan suka harbe shi. Na ji karsana tana jan igiya a bayan ɗaki.

Ya ce, "Safar tana hannunsa. A watan zafi."

Ya nemi numfashi.

"Auta ta tambaye ni ko Faransa na iya ƙetare teku ta ci gaba. Na ce mata i, na ce mata a'a, don ta samu na rubutawa. Akwati, ban sani ba. Wataƙila suna iyawa. Jirgi suna da shi, wanda ya kai mu ma bai nutse ba. Amma da sun ƙetaro nan, da wa za su yi yaƙin? Mai gari zai sake zagayowa, saura ƙanena a gida. Da ba su ƙetaro ba kuma, ga mu bayan waya. Na juya shi shekara arba'in, ta ko'ina na kama da mu a ciki."

Idona yana kan zaren buhun.

"Ni na ɗaga. Da ban ɗaga ba, da ba a yi mutanen Tasawa ba. Ban yi da-na-sani ba, ko sau ɗaya. Ka ji wannan da kyau, akwati." Ya buga murfin da yatsa. "Amma hannu suka ce in ɗaga. Ba wanda ya ce in buɗe baki in ce Gajere ne ya yi kuskure. Da wannan suka nema..."

Bai ƙarasa ba. Tari ya kama shi. Na ɗauki kwanon ruwa na miƙa masa, hannu da hannu, ya karɓa yana duban katanga. Yatsansa ya taɓa nawa. Sanyi gare shi.

Da ya sha ya ce, "Akwatin nan ya fi mai shi haƙuri. Mai shi ba ta bari mutum ya kai aya. A dawo da shi ran Asabar, akwai saura."

Na ce, "To." Ba ta bakin A'i ba. Shi ma bai kira A'i ba.

Sai a mota, akwatin na kan cinyata, na tuna kaset biyun da aka ɓata a kan dusa, da makon da kaina ya yi ciwo.

Litinin, 12 ga Nuwamba, Tasawa, da la'asar

Na ba Gwaggo labari, rabi. Ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce, "Ran da aka kawo mini ke, shi ya goyo ki a kafaɗa tun daga ƙauye, don kar jaki ya girgiza ki. Ya ajiye ki a zaure ya ce ga saƙo, ya juya. Bai ko sha ruwa ba." Na ce ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce, "Kin taɓa tambaya? Ke da kin ƙoshi."

Har yanzu ita ya kira da suna. Har yanzu kanta ya ɗora wa hannu. Na duba, abin yana nan inda yake, ya dai rage nauyi.

Alhamis, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Na kai wa direkte takardarsa, da gyaran kuskuren nan biyu. Ya duba ƙasanta, ya duba ni, ya sa ta a aljihun tebur. Ya ce, "Kin san za ki daɗe a Tasawa, Madam." Na ce ina da dangi a kusa.

Zan rubuta wa Safi in ce mata tsohon ya ƙi magana a kan ranar, ta yi da abin da ta samu. Malaminta ba zai rasa abin cewa ba.

Juma'a, 16 ga Nuwamba, da la'asar

Na sayi pil shida a kantin Liman, don rediyon Baba. Gobe da motar farko. Akwatin kuma haka zan kai shi, yadda yake.